Ƙusar da Kawu Ya Kafa a Ƙofar Coci

Da aka ce mana Kawu ya rasu, ba mutuwar ce ta fara ɗaure mana kai ba, wurin da aka ce ya mutun ne. Wani ɗan sanda ne ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu na bayan tashar jirgi a Nguru, bayan azahar, ya yi sallama. Ya ce an yi waya daga ofishinsu na Gashua, wai Malam Katikis ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Inna, matar Kawu, tana tankaɗen gari a tsakar gida. Ko rariyar ba ta ajiye ba.

"Gashua?" in ji ta. "Ɗan nan, ɓatan gida ka yi. Malam yana cikin gari, ya ce min zai je ya dawo. Ka je ka nemi masu gawar, kada ka bar su suna jira."

Har dariya ta yi. Ni ma da ke tsaye a bayanta na ji sanyi a raina, don na yarda da ita. Duk wanda ya san Kawu ya san akwai gari ɗaya a duniya da ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba, garin kuwa shi ne Gashua.

Ɗan sandan ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, Sajan ne da kansa ya yi wayar. Yana tafe da gawar."

Sai a lokacin rariyar ta suɓuce daga hannunta.

Kafin la'asar gida ya cika. Matan zumuntar coci sun zo da zannuwansu a karkace, wasu ko takalmi babu. Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, Ibo da Tibi da mutanen kudancin Zariya, sun yi cirko-cirko a gindin bishiyar maina, kowa na tambayar ɗan'uwansa abin da shi ma bai sani ba. Ba a yi kukan kirki ba a ranar, mamaki ya hana. Duk wanda ya shigo, maimakon ya ce ya haƙuri, sai ka ji ya ce, "Wai a Gashua?"

Maƙwabcinmu Alhaji, Babarbare mai sana'ar bandar kifi, wanda ya shekara da shekaru suna musu da Kawu a kan tabarma ɗaya, ya shigo yana salati da ƙarfi.

"Ƙarya ne, wallahi ƙarya ne! Mutumin nan da safe ya zo wurina, ya ce Alhaji ara mini guduma. Na ba shi, ya dawo mini da ita kafin in gama shayi. Lafiyarsa lau! Shi ko da igiya aka ɗaure shi ba ya zuwa Gashua."

Babu wanda ya kula da maganar gudumar. Abin da ake raɗe-raɗi a kai daban ne, na kuwa ji shi da kunnena daga bakin wata dattijuwa a bayan ɗaki: "To gobe fa? Sajan zai shiga coci a yi wa ubansa addu'a, ko a waje zai tsaya?" Sajan shi ne Yaya, ɗan Kawu na fari. Ubansa ne da bakinsa ya hana shi shiga coci, ya ce sai ranar da ya ce masa shigo. Ga shi kuwa mai bakin ya tafi.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Yaran da ke tasowa za su ji ana cewa an yi wani katikis a Nguru mai taurin kai, wanda ya kori ɗansa daga ɗakin Allah. Gaskiya ne, an yi. Amma ni da na girma a gabansa ba zan yarda a taƙaita shi a haka ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ranar da aka binne ta, 'yan'uwan ubana na ta kallon juna a kan wa zai ɗauke ni, shi kuwa bai ce wa kowa komai ba, ya naɗe tabarmata ya saɓa ni a kafaɗa muka hau jirgi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Ko laifi na yi, sai ya tsuke fuska ya ce, "Uwata, da ba don ke kika haife ni ba, da yau kin sha bulala."

Bamaguje ne daga ƙasar Kano, aikin jirgi ne ya kawo shi Nguru, inda layin dogo ya ƙare. Aikinsa juya layi. Da ya ajiye aiki sai ya zama katikis ɗin ƙaramin cocinmu, wato shi ke koyar da masu neman baftisma, shi ke jan addu'a ranar Lahadi in Fada bai zo ba, Fada kuwa yakan daɗe bai zo ba. Gajere ne, ga murya kamar ta mutum biyu. Ba ya cin tuwo sai da miyar kuka, ba ya yarda a taɓa masa rediyo, kuma in ya ce ƙarfe bakwai za a fara addu'a, to ko mutum biyu ne a coci ya fara. Yakan ce jirgi ba ya jiran fasinja, balle Allah.

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne maganar takubba biyu. A cewarsa, tsohon Fada Bature da ya yi masa baftisma ne ya koya masa. Wai takobi biyu Allah ya bar wa duniya. Ɗaya na ruhu, yana hannun Ikilisiya. Ɗaya na ƙarfe, yana hannun sarakuna da gwamnatoci da sojoji. Amma na ƙarfen ma ba nasu ba ne, aronsa aka ba su, kuma mai riƙe da na ruhun yana da ikon tsayar da su ya tambaye su me suka yi da shi. Wai wani Paparoma na can zamanin da ne ya rubuta haka. Ko haka Baturen ya faɗa daidai, ko Kawu ya ƙara gishiri, Allah kaɗai ya sani. Mu dai mun haddace ta tun kafin mu iya ɗaura zane.

Shi da Alhaji sun sha kai ruwa rana a kanta. Alhaji ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, su ma a wurinsu sarki a ƙarƙashin shari'a yake. Kawu ya ce to ashe kun ɗan tsinci wani abu. Alhaji ya ce ku dai kuka tsinta, har takobin ma ba ku da shi, sai labari. Su rabu baram-baram, gobe da yamma ka gan su suna ɓare goro ɗaya.

Kawu ba mutum ba ne da zai bar magana a baki kawai. Ya samo ƙusa mai kauri, irin wadda ake kafe ƙarfen layin dogo da ita a kan katako, ya buga ta a bangon ƙofar coci, daidai kafaɗar mutum. Doka ita ce, duk wanda gwamnati ta ɗaura wa wani abu, hular aiki ce, bel ne, kulki ne, to ya rataye shi a jikin ƙusar nan kafin ya shiga. Takobin aro ba ya shiga gaban mai shi. 'Yan sanda, masu gadin tasha, har wani babban jami'in jirgi da ya zo daga Legas da hularsa mai zinariya, duk sun rataye. Shi jami'in ya so ya yi gardama, Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana kallon sama, har mutumin ya ga ba sarki sai Allah ya tuɓe.

Wata rana a shekarun farin nan, lokacin da makiyaya suka yi ta gangarowa daga wajen Yusufari da Kumagannam da ragowar shanunsu, wani Bafulatani ya kora garkensa ta kan layin dogo. 'Yan sanda biyu suka biyo shi da kulake. Mutumin ya rasa inda zai shiga, ya faɗa cikin coci, bai ma san mene ne ɗakin ba. Kawu na shara, ya tsaya a ƙofa da tsintsiyarsa.

"Ku shiga mana," in ji shi. "Wa ya hana ku? Ga ƙusa nan, ku rataye kayan gwamnati, sai ku shiga ku yi magana da shi kamar mutane."

Suka dubi juna. In sun rataye kulake da huluna, da me za su kama shi? In ba su rataye ba, ga dattijo a ƙofa, ga mutane sun fara taruwa. Ƙarshenta ɗayan ya fashe da dariya ya ce Baba kai fitina ne, suka tafi. Bafulatanin ya sha ruwa, ya kwana a zaurenmu. Duk shekara kuma sai ya aiko wa Kawu da man shanu a ƙwarya, Kawu ya yi ta mita wai an sa shi cin hanci.

Mu fa mun ɗauka ƙusar nan dokar Roma ce. Wallahi haka muka ɗauka, manya da yara. Da na je Kano karatun koyarwa, ranar Lahadin farko na tsaya a ƙofar babban coci ina dube-dube a bango. Na ga wani soja ya wuce ni fuu da bel ɗinsa da komai, ya je ya durƙusa a gaba, babu wanda ya ce masa kanzil. Na ce a raina yau na shigo cocin 'yan bidi'a. Da na dawo hutu na ba Kawu labari, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Uwata, ki yi musu addu'a. Mutanen birni sun yi sakaci."

Yaya ya taso a ƙarƙashin ƙusar nan, kuma da ya shiga aikin ɗan sanda babu wanda ya kai Kawu murna. Ba ya faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce yaron nan. Amma duk Lahadi in Yaya ya zo ya cire hula ya kwance bel ya rataye, sai ka ga Kawu ya gyara tsayuwa yana satar kallon mutane, ko sun gani. A ganinsa ga maganarsa nan ta zama mutum tana tafiya da ƙafa biyu. Ni da Yaya kuwa taubasai ne, ba na raga masa. Nakan ce masa ɗan sandan da ubansa ke tuɓe wa hula ina zai iya kama ɓarawo, shi kuma ya ce ranar da zai kama ni tana nan tafe.

Sai aka shiga zamanin da sojoji suka hau mulki suka ce za su gyara halin mutane da bulala. Aka ba da umarnin rushe duk rumfunan da ke bakin hanya. Yaya, lokacin ya zama Sajan, shi aka sa gaba a layin tasha. Cikin rumfunan akwai ta wata gwauruwa 'yar cocinmu, mai tuyar ƙosai, wadda da kaskon nan take ciyar da marayunta. Ta riƙe ginshiƙin rumfar ta ƙi saki. Wani kurtu ya zuba mata bulala, kaskon ya kife, man ya ƙona mata ƙafa. Yaya na tsaye, bai ɗaga hannu ya doke ta ba, bai kuma buɗe baki ya hana ba. Kawu yana can tsallaken hanya, ya ga komai.

Ranar Lahadi Yaya ya zo kamar kullum, ya kai hannu zai cire hula. Kawu ya dafe ƙusar da tafin hannunsa.

"Yau ƙusa ba ta isa ba. Ga mai ƙosai can a zaune, ƙafarta a naɗe. Ka je ka durƙusa ka roƙe ta gafara, sannan ka zo ka rataye."

"Baba, umarni aka ba ni."

"Wanda ya ba ka umarnin, wa ya ba shi takobin?"

"Baba, a gaban mutane? Da kakin gwamnati a jikina zan durƙusa wa mai ƙosai? Gobe wane kurtu ne zai ji maganata?"

"A gaban mutane aka doke ta."

Yaya ya maida hularsa ya danna ta sosai. Ya ce in Ikilisiya ce mai takobin, to ta zo ta riƙe ofishin 'yan sanda na yini ɗaya a gani. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta miƙe. Ya ce, "To ka ji. Ba za ka ƙetare bakin ƙofar nan ba sai ranar da ni da bakina na ce maka shigo."

Yaya ya juya. Ba a daɗe ba ya nemi canjin wurin aiki, aka tura shi Gashua. Kawu ya ce shi da Gashua har abada, muddin yaron nan na cikinta da girman kansa.

Daga Nguru zuwa Gashua ba wata tafiya ba ce, masu kifi kullum suna zuwa suna dawowa. Amma shekaru suka shuɗe uba da ɗa ba su haɗa ido ba. Yaya ya daina zuwa coci gaba ɗaya, har na can Gashuan, ya ce wanda ubansa ya kora daga ƙofa ɗaya ba zai je ya laɓe ta wata ba. Matarsa ta haihu, jaririn ya yi wayo har ya fara tafiya ba a yi masa baftisma ba. Inna takan saci jiki ta je ta gano jikanta, ta dawo da busasshen kifi ta zuba a miya, Kawu ya ci ya suɗe hannu, bai taɓa tambayar daga ina kifin ya fito ba. Ni abin ya ci mini rai ƙwarai. Na ga laifin Yaya, amma na fi jin haushin Kawu, don shi ne babba, kuma na sha ganinsa yana tsayawa da tsintsiya a gaban ƙusar nan ya daɗe yana kallonta.

Ana haka aka turo mana sabon Fada, yaro ne sa'an Yaya, ɗan ƙasa, mai yawan murmushi. Zuwansa na farko ya tambayi amfanin ƙusar, aka gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa jin irinta ba ko a makarantar Fada-Fada. Mutanenmu suka ji kamar an tuɓe su a kasuwa. Amma da ya ji labarin Yaya, dariyar ta ɗauke.

Lahadin ƙarshe ta rayuwar Kawu, Fada ya ci abincin rana a gidanmu. Ni na kai musu tuwon, kuma ban yi nisa ba, don na ga alamar akwai magana.

"Baba," in ji Fada, "maganar takubban nan an yi ta a zamanin da, ba ƙarya kake ba. Amma tun ina yaro manyan Ikilisiya na duniya duka suka zauna, suka ce gwamnati na da huruminta, Ikilisiya na da nata. Muna da bakin gaya wa mai mulki gaskiya in ya yi zalunci, kuma dole mu faɗa. Takobinsa dai ba namu ba ne."

"Sun sayar ke nan," in ji Kawu.

"To bar wannan. A ce ma yana nan yadda ka ce. A hannun wa yake? Abin da ka gaya wa ɗanka game da matar nan gaskiya ne, ko ni haka zan gaya masa. Amma wa ya ba katikis ikon rufe wa mai baftisma ƙofar gidan Ubansa? Ni ban ba ka ba. Bishop bai ba ka ba. Kai da ke cewa kowa ya ajiye abin aro a ƙofa, Baba, kai kuma ka ɗauki wanda ko aronsa ba a ba ka ba."

Tunda nake ban taɓa jin wani ya yi wa Kawu magana haka ba. Hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Can ya ɗago ya dubi Fadan nan da ya haifi kamarsa.

"Fada, shawara ce wannan, ko umarni?"

Fada ya dube shi. Sannan ya ce, "Umarni ne, Baba. Ka je ka kira shi."

Kawu ya janye kwanon gefe. Ya wanke hannu, ya bar tuwonsa, ya shige ɗaki. Inna ta ce mini a madafa, "Shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Malam zai ajiye katikis ɗin ne kawai, ki zuba ido." Ni ma abin da na zata ke nan. Ko a mafarki babu wanda ya kawo cewa zai bi. Da ya fita da safiyar ranar da ya rasu, da farar rigarsa ta zuwa coci, ya ce zai je ya dawo, mun ɗauka wurin Fada za shi ya miƙa makullai.

Gab da magariba motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ya sauko da kakinsa, idonsa jajur amma a bushe. Abin da ya faru, kamar yadda ya gaya wa dattawa, shi ne Kawu ya sauko daga mota a tashar Gashua, ya tambayi wasu Badawa masu kifi hanyar barikin 'yan sanda, ya yi 'yan taku ya dafe ƙirji ya zube. Su suka ɗauke shi zuwa inuwa, suka yi ta yi masa fifita. Da suka ga carbi mai gicciye a wuyansa, sai wani ya ce a kira Sajan ɗin nan Kirista, ko zai gane baƙon. Aka kira shi a kan aiki, ya je duba gawar baƙo, ya yaye mayafi ya ga ubansa.

Ba wanda ya iya tambayarsa komai bayan wannan. Shi kuma ya zauna a zaure da hularsa a ka.

Da safe aka ɗauki akwatin zuwa coci. Musulmin unguwa, Alhaji a gabansu, suka rako mu har gindin bishiyar da ke harabar suka tsaya. Yaya na cikin masu ɗauke da akwatin, ta wajen kai. Da aka iso bakin ƙofa sai ya ja ya tsaya, ya ce wani ya karɓe shi. Aka shiga da Kawu, shi ya rage a waje.

Fada ya fito da kayan addu'ar Mas a jikinsa ya ce, "Sajan, shigo."

"Ba kai ka hana ni ba, Fada."

"Ni ke da ikon ƙofar nan, na ce ka shigo."

"Na sani. Amma cewa ya yi sai ya faɗa da bakinsa."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don su ma a ransu maganar uba ba a tsallake ta. Inna ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya ta rasa da wanda za ta ji, da na cikin akwati ko da na tsaye. Na ce shi ke nan, za a binne mutumin nan ɗansa na waje kamar baƙo, kuma daga yau babu mai iya buɗe masa.

Sai na ga idon Yaya ya kafe a bango. Na bi inda yake kallo. Babu ƙusa. Rami ne kawai a wurin, sabo, garin ƙasa ma bai gama zuba daga bakinsa ba. Jiya duk muna gidan makoki, yau kuma kowa idonsa na kan akwati, babu wanda ya lura.

Alhaji, daga can gindin bishiya, ya ɗora hannu a ka. "La ilaha illallahu! Gudumata!"

Yaya ya sa hannu a aljihun kakinsa, a hankali, ya fito da ita. Ga ta nan, baƙa, kanta ya yi santsi saboda shekarun rataya.

"A aljihunsa na same ta," in ji shi. "Aikina ne in caje gawa. Tun jiya nake ce wa kaina wata ce mai kama da ita."

Inna ta matso ta dubi ƙusar, ta dubi ramin, ta ce, "Ka san ubanka. Da ya iso ba zai ce maka yi haƙuri ba. Miƙo maka ita zai yi ya ce an aiko shi. To ga shi ya isar da aike. Me kuma kake jira ya faɗa?"

Kukan da aka kasa yi jiya, a nan ya ɓarke. Maza da mata, har na gindin bishiya.

Na zaci Yaya zai shige ne kawai. Sai ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya saita ƙusar a raminta ya shiga bugawa. Fada ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Da ta kafu, Yaya ya cire hularsa ya rataye, ya kwance bel ya rataye. Ya shiga coci da kai a sunkuye, amma bai nufi wurin akwatin ba. Ya bi ta layin mata har inda mai ƙosai take zaune, ya zube gwiwa biyu a gabanta, da kakin gwamnati a jikinsa, kurata biyu da suka rako shi suna leƙe ta taga. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga ta kama kansa da hannu biyu tana cewa, "Tashi, ɗana, tashi, ubanka na jira."

An yi wa jikan baftisma kafin a share makoki. Fada bai taɓa maganar a cire ƙusar ba, ko da yake har yau in baƙo ya tambaya yakan ce ba dokar Roma ba ce, ta Nguru ce.

Ni dai har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya tsayar da jami'in Legas a rana, ya kori 'yan sanda da tsintsiya, ya yi shekaru bai nemi ɗansa ba, shi ne yaro sa'an ɗansa ya ce masa umarni ne, ya je ya ari guduma. Mun yi zaton yana son maganar takubban nan ne don shi ke tsaye a ƙofa. Ashe da gaske yake yi, har a kan kansa.

Allah ya ba shi hutawa ta har abada, ya haskaka masa da hasken da ba ya gushewa, ya kuma yafe masa shekarun nan da ya bari suka wuce. Ƙusar tana nan, sai dai a karkace take, don da dutse aka buga ta, mai bugun kuma ba ya gani sosai saboda hawaye. Duk Lahadi in na zo wucewa sai na ji kamar zan ji muryarsa a bayana yana cewa, "Uwata, wane ne ya yi wannan aikin banzan?" Da kuwa na ce masa, yaron nan ne, Kawu. Ya shigo.